Baba Nata'ala na Limawa, Mai Saita Motocin Ramin Burji

Idan aka idar da sallar asuba a masallacin layinsu da ke Limawa, Baba Nata'ala ba ya komawa ya kwanta. Yakan zauna ya yi laziminsa har gari ya waye sosai, ya shiga gida ya sha koko, sannan ya buɗe ɗan shagon da ke jikin zaurensa. Kafin ya taɓa komai sai ya share teburi ya shimfiɗa farin ƙyalle a kai, domin notukan da yake aiki da su wasu ba su fi ƙwayar dawa ba, idan suka faɗi a kan katako sai a yini ana nema. Daga nan ya jera sifanoninsa daga ƙarami zuwa babba, ya sa tabarau, ya sauko da motar da ke kan layi. Ba ya fara kwance ta nan take. Yakan ajiye ta a kan teburin, ya danna bayanta da yatsa biyu ya saki, ya ga yadda take dawowa, ya juya kowace taya kusa da kunnensa yana sauraro. Sai ya gama wannan yake ɗaukar sifana.

Motocin da nake magana a kai ƙananan motocin tsere ne da ake tuƙawa da rimot daga nesa. Tsawonsu bai wuce kamu ɗaya ba, amma ba irin na wasan yara da ake sayarwa a kasuwa ba ne. Suna da shokozoba mai mai a ciki, da giya, da boris, da batir, kuma an yi su ne don gudu a kan ƙasa mai gargada. A nan Dutse mu kusan talatin ne muke wannan harka, da ma'aikatan gwamnati da 'yan kasuwa da malaman makaranta da tela ɗaya. Duk ranar Asabar bayan la'asar muke haɗuwa a wani tsohon rami da masu aikin hanya suka haƙa suna ɗiban burji suka bari. Mun share shi, mun yi masa kwana-kwana da tuddai, kuma babu motar da ke zagaya ramin nan da ba ta bi ta hannun Baba Nata'ala ba.

A ƙarshen watan nan zai rufe shagon ya koma garinsu Aujara. Shekararsa saba'in da ɗaya. Ba a taɓa kiran sunansa a rediyo ba, ba a taɓa ba shi takardar yabo ba, shi ya sa na ga ya kamata in rubuta abin da na sani game da shi tun yana raye yana jin abin da ake faɗa.

Asalin sana'arsa gyaran agogo ce. Ya yi ta fiye da shekara talatin, har wayar hannu ta zo mutane suka daina ɗaura agogo, ya koma gyaran rediyo da fanka da tocila. A shekarar 2014 wani malamin jami'a ya dawo daga karatu a ƙasar waje da irin wannan mota, ta karye masa a ƙafar gaba, ya zaga garin nan bai sami mai taɓa ta ba, aka ce ya gwada Limawa. Baba ya riƙe motar mako biyu. Ya kwance ta ɗaiɗai, ya zana kowane ƙarfe a littafi da inda yake shiga, domin takardar da ta zo da motar da Turanci take, shi kuwa Turancinsa kaɗan ne. Ƙafar da ta karye ya yanko madadinta daga wani farin faranti na roba mai kauri da ake yanka nama a kai, ya goge ta da zarto har ta zauna daidai. Wannan ƙafa ta yi shekara uku tana aiki. Daga nan masu irin motar suka fara samun juna a ƙofar shagonsa, har ƙungiyarmu ta tashi.

Wanda bai sani ba yana zaton gudu shi ne komai a wannan harka. Injiniya Mu'az, wanda ke aiki a sakatariya, shi ma haka ya zata, kuma shi da kansa yake ba da labarin yana dariya. Ya yi odar inji mafi ƙarfi da giya mai manyan haƙora, ya kawo wa Baba ya ce a ɗaura masa. Baba bai musa masa ba, ya ɗaura, ya ce su haɗu a rami. Ranar Asabar motar ta riƙa wulwula taya a wuri ɗaya tana watsa tsakuwa, kowace kwana sai ta juya baya, kafin zagaye na biyar injin ya yi zafin da ba a iya taɓa shi, ga shi ana tsakiyar bazara. Baba yana zaune a kan kujerarsa ta roba, ba motar kaɗai yake kallo ba, har da yatsun mai tuƙin. Da aka tashi ya ce wa Mu'az ya kawo tsohon injin da aka cire. Makon farko tayoyi kawai ya canza, ya sa masu ƙananan ƙayoyi da ke kama busasshen burji. Mako na biyu ya rage kaurin man shokozobar baya don motar ta daina tsalle a kan gargada. Mako na uku ya sa giya mai ƙarancin haƙora biyu. Mu'az ya ƙosa, ya tambaye shi me ya hana a yi duka rana ɗaya. Baba ya ce idan aka canza abu uku lokaci guda motar ta gyaru, ba a san wanda ya gyara ta ba, idan kuma ta ƙara lalacewa ba a san wanda za a mayar ba. Da tsohon injin nan Mu'az ya ci tseren farko a rayuwarsa.

Haka yake yi da kowa. Ya san wanda ke taka birki da wuri da wanda ke jira sai ya shiga kwana, ya san mai gaggawa da mai tsoro, kuma kowa yadda hannunsa yake haka ake saita masa mota. Idan damina ta sauka yakan canza wa kowa taya mai dogayen ƙayoyi, ya cika boris da giris saboda laka. Idan zafi ya yi yakan bi mu ɗaya bayan ɗaya yana cewa a cire batir daga rana. Sau da yawa mutum ya zo da niyyar sayen sabon kaya, Baba ya duba ya ce wanda ke jikin motar bai mutu ba, wanki kawai yake so.

Baba, kai ne ka koya mana haƙuri da ƙaramin abu. Amma ba don wannan kaɗai na ɗauki alƙalami ba. Na ɗauka ne saboda yayana, kuma sai da na nemi izininsa kafin in rubuta abin da zai biyo baya.

Yaya Yahuza direban bas ne, shekara goma sha tara yana jigilar fasinja tsakanin Dutse da Kano. Ta nan suka saba da Baba, domin shi ne ke ɗauko masa saƙon kayan gyara daga Kano. A damina ta 2019 tayar gaba ta fashe masa yana cikin tafiya, motar ta ƙwace ta faɗa gefen hanya ta kife. Fasinja uku suka rasu. Shi kuma aka yanke masa hannun dama daga gwiwa. Ciwon ya warke cikin 'yan watanni, amma Yaya bai dawo daidai ba. Ya shige ɗaki ya zauna. Ko masallacin ƙofar gida sai an yi da gaske yake fita, ya yi salla a sahun baya ya komo kafin a gaisa. Abokan aikinsa sun yi ta zuwa har suka gaji. Matarsa Mashkura takan kai abinci ta dawo da shi kusan yadda ta kai. Mun kai shi wajen likita, mun yi masa nasiha, mun yi addu'a, kowa yana gaya masa ƙaddara ce, ba laifinsa ba ne. Duk lokacin da aka faɗi haka sai ya juya fuska ga bango.

Baba Nata'ala ne kaɗai bai daina zuwa ba. Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ya biyo ta gidan, ya yi sallama a zaure. Yawanci a ce masa Yaya yana barci. Ya ce to a gaishe shi, ya tafi, wata Juma'ar ya dawo. Haka ya yi kusan shekara biyu.

Wata Juma'a ya zo da abu a cikin buhu, ya ce mini yau ba zai koma ba sai ya ga direba. Na shigar da shi. Ya zauna a kan tabarma ya fito da wani katako mai faɗi da ɗan sitiyari a ɗaure a kai, da maɗauri na zane da matarsa Inna Kubura ta ɗinka don a ɗaura katakon a cinya, sai kuma wasu fedoji biyu da waya ta haɗa su da katakon. Rimot ɗin da muke amfani da shi hannu biyu yake so, ɗaya ya juya sitiyari, ɗaya ya ja kunamar totur. Baba ya kwance wani rimot ya raba shi biyu. Ya bar sitiyarin ga hannun hagu, totur da birki kuwa ya mayar da su ƙasa, ya yi su da fedar keken ɗinki mai lantarki. Wata huɗu ya yi yana gwadawa yana ɓatawa kafin su yi daidai. Bai yi wa Yaya wa'azi ba. Ya fito da wata motar tsere daga buhun ya ajiye, ya ce masa kawai tana ba shi wahala, duk waɗanda ke ramin da yatsa suka koyi totur, shi kuwa yana son ƙafar direba ta gaya masa abin da ke damunta.

Yaya ya daɗe yana kallon fedojin nan. Can ya miƙo ƙafarsa ya ɗora a kan ta dama, ya danna a hankali, motar ta motsa a tsakar ɗaki. Ya ce totur ɗin ya yi sanyin kamawa. Baba ya ce shi ma abin da yake zargi ke nan, ya ciro sukurudireba ya fara gyarawa a wurin.

Bayan mako uku Yaya ya yarda na kai shi rami. Baba ya zaɓi ranar Laraba da hantsi, lokacin da babu kowa sai mu uku. Zagaye huɗu ya yi lafiya, kuma ko ni da ban kai Baba sani ba na ga bambancin ƙafar da ta yi shekara goma sha tara a kan totur. A zagaye na biyar, a babbar kwana, motar ta ɗaga ƙafafun ciki ta wuntsila ta kife, tayoyinta suna juyi a sama. Na waiwaya na ga Yaya ya sandare, gumi yana zuba daga fuskarsa. Ya kwance maɗaurin ya ajiye katakon a ƙasa ya ce in mayar da shi gida.

Baba ya ce mu ɗan dakata. Ya je ya ɗauko motar, ya zauna kusa da Yaya, ya nuna masa cewa ta yi tsayi daga ƙasa, tayoyin gaba kuma suna kama burjin fiye da kima, shi ya sa maimakon ta zame kaɗan a kwana sai ta tuntsure. Ya sassauta sifirin ɗin shokozoba ya rage mata tsayi, ya ciro abin yanke farce ya bi layin ƙayoyin da ke gefen tayoyin gaba yana yankewa ɗaya bayan ɗaya. Ya ce wannan kifewar ta saiti ce, ba ta hannun mai tuƙi ba.

Sai Yaya ya yi magana, muryarsa can ƙasa. Ya ce, "Waccan bas ɗin fa, Baba? Na ga tayar da safe. Na ga gefenta ya fara tsagewa. Na ce za ta kai ni Kano ta dawo da ni, gobe in canza."

Shekara biyu muna gida ɗaya da shi, ban taɓa jin wannan ba. Na buɗe baki zan ce abin da muka saba cewa, Baba ya ɗaga mini hannu.

Ya ce, "Malam Yahuza, ba zan ce maka ba ka yi kuskure ba, tunda ka gani ka wuce. Ka nemi gafarar Allah, ka nemi ta mutanen da aka yi wa rashi, ni zan raka ka. Amma idon da ya ga tsagar nan yana nan a kanka, kuma kullum motoci suna tashi daga tasha."

Yaya ya yi kuka a ranar, irin kukan da bai yi ba ko a asibiti. Baba bai rarrashe shi ba, ya ci gaba da yanke ƙayoyin tayar har ya gama, ya ajiye motar a bakin layi ya jira.

Kuma ya cika alkawari. Gidajen mamatan nan uku duk tare da shi aka je, biyu a ƙauyukan da ke kusa, ɗaya a Kano. Gida biyu suka ce sun yafe tun tuni. A na ukun, mahaifin mamacin ya ji bayanin Yaya har ƙarshe, ya tashi ya shige gida. Baba ya ce mu tafi, mutumin yana da haƙƙin yin haka. Sai bayan wata bakwai dattijon ya aiko ɗansa da saƙon cewa ya yafe.

Yau idan ka je tashar da Yaya ya yi aiki a da, za ka same shi tun da safe yana zagaya kowace bas kafin a fara lodi, yana shafa gefen taya da hannunsa na hagu, yana duba noti. Shugabannin direbobin ne suka ba shi wannan aiki bayan ya je ya gaya musu abin da ya gaya wa Baba. Da farko wasu sun ji haushi idan ya ce mota ba za ta tashi ba sai an canza taya. Yanzu su ke kiransa ya duba musu. Ranar Asabar kuwa yana rami da katakonsa a cinya, kuma kaɗan ne a cikinmu ke iya wuce shi a kwana.

Baba, kai ne ka ƙi yi wa mai ciwo ƙarya don ya ji daɗi, alhali mu 'yan uwansa mun yi shekara biyu muna yi masa ita da kyakkyawar niyya. Kuma da ranarka ta zo, ba ka yi wa kanka rangwame ba.

A watan jiya muka gayyaci masu irin wannan harka daga Kano da Haɗeja. Mutane sun cika bakin rami. A tseren ƙarshe Yaya yana na biyu, saura zagaye ɗaya, sai tayar baya ta fice daga motarsa ta gangara ita kaɗai, motar ta ja ciki ta tsaya. Muka juya ga Yaya, domin mu 'yan gida mun san abin da taya take nufi a wurinsa. Na ji ya fara cewa shi ne bai duba ba. Kafin ya ƙarasa, Baba ya miƙe daga kujerarsa, ya tako tsakiyar fili, ya miƙa hannayensa biyu a gaban jama'a. Suna rawa. Duk mun gani.

Ya ce, "Ni na ɗaure notin nan da safe, kuma na zaci ya ɗauru. Hannuna ne ya daina gaya mini gaskiya. Wata shida ke nan ina ɓoyewa, ya kamata in faɗa tun tuni. Ku yafe mini."

Daga baya Inna Kubura ta gaya wa matanmu cewa tun bayan ƙaramar salla ita ke ɓalla masa maɓallin riga, kuma ta sha ganinsa zaune a shago yana riƙe hannun dama da na hagu don ya sa noti ɗaya. Babu wanda zai gane daga ina matsalar ta fito da ya yi shiru, domin taya tana ficewa a tsere, ba sabon abu ba ne. Amma ya ga a kan wa zargin zai sauka, bai bari ya kai minti ɗaya a can ba.

Yaya ya kwance katakonsa ya je ya kama hannun Baba ya mayar da shi kujera. Ya ce masa daga yau shi ya riƙa dubawa yana faɗa, su kuma su riƙa ɗaurewa. Haka ake yi tun daga ranar. Kullum bayan la'asar Yaya da Injiniya Mu'az da duk wanda ya samu sarari suna shagon, Baba yana zaune a gefe, a miƙa masa mota ya danna ya saurara, ya ce a ƙara kaurin mai ko a rage tsayi, a tambaye shi dalili ya bayyana. Littattafan zanensa guda tara da kayan aikinsa ya ce ya bar wa ƙungiya. Mun roƙe shi ya zauna a Dutse, ya ce 'ya'yansa sun gyara masa ɗaki a Aujara, likita ya ce ya huta, kuma yana son ya ƙarasa kwanakinsa kusa da gonar mahaifinsa. Ba mu da ta cewa.

Ga masu karatu, ba ina kiran kowa ya sayi motar tsere ba ne. Abin da nake roƙo shi ne kowa ya dubi sana'ar da ke hannunsa, komai ƙanƙantarta a idon mutane, ya yi ta da gaskiya, ya kuma tambayi kansa ko akwai wanda za ta iya fitarwa daga ƙunci. A kusan kowace unguwa akwai wanda ya shige ɗaki bayan wata musiba, aka yi ta zuwa gaishe shi wata ɗaya ko biyu aka daina. Ku koma. Idan an ce yana barci, ku sake komawa. Idan kuma aiki ya ɓaci ta hannunku, ku faɗa da bakinku kafin a ɗora wa wani.

Baba Nata'ala, mun gode. Ƙungiya ta gode, direbobin tasha sun gode, fasinjojin da ba su san sunanka ba su ma da sun sani da sun gode. Da Mashkura ta ji ina wannan rubutu, ta aiko a gaya mini in sa nata saƙon, ta ce kada in ƙawata shi. Ta ce in gaya maka yanzu kullum da rana tana zuba abinci a kwano ta aika wa maigidanta wurin aiki, kamar yadda sauran matan layi suke yi, kuma kwanon yana dawowa babu komai a ciki.

Allah ya ba ka lafiya, ya sa hutun Aujara ya karɓe ka, ya saka maka da alherin da mu ba za mu iya ba. Amin.